Gyaran Muhallin Mai Cutar Mantuwa: Yadda Za a Gane ko Yana Amfani

Cutar mantuwa, wadda mutane da yawa ke ɗauka gigin tsufa ne kawai, lalacewa ce da ke samun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har ta shafi tunani da magana da iya gudanar da harkokin yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, ana kuma samun kusan miliyan 10 sababbi a kowace shekara, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne, wanda wani likitan Jamus mai wannan suna ya fara bayyanawa a 1906. Tunda har yanzu babu maganin da ke warkar da ita, babban ɓangaren taimakon da za a iya bai wa majiyyaci yana cikin tsarin wurin da yake zaune da kuma yadda ake mu'amala da shi.

Cutar kan taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido ya gani, ko da idon lafiyarsa ƙalau. Saboda haka baƙin shimfiɗi a bakin ƙofa yana iya zame masa rami ya ƙi takawa, ƙasa mai sheƙi ta zame masa ruwa, fuskarsa a madubi kuma ta zame masa baƙon da ya shigo ba sallama. Farin abinci a farin faranti yakan ɓace masa, sai a zaci ƙin ci yake yi. Gyaran irin waɗannan abubuwa ba ya cin kuɗi mai yawa: a ƙara haske a ɗaki, a bar fitila a kunne a hanyar banɗaki da dare, a manna hoto a ƙofar banɗakin maimakon rubutu, a rage ƙarar rediyo da talabijin musamman da yamma, lokacin da ruɗewa ta fi tsananta ga da yawa daga cikinsu.

Inda iyalai suka fi samun matsala shi ne wajen auna ko gyaran ya yi amfani. Wasu sukan sauya komai a rana ɗaya, su matsar da gado, su sake labule, su kwashe kayan da ya saba gani shekara da shekaru, sannan su yi mamakin ganin ya ƙara ruɗewa. Shawarata ita ce a sauya abu ɗaya tak, a ba shi kamar mako biyu, ana rubutawa a ɗan littafi: me ya faru kafin hankalinsa ya tashi, ƙarfe nawa ne, wa ke wurin, me aka yi ya lafa. Sau da yawa littafin kan nuna cewa abin da ake kira rigima yunwa ce, ko fitsari ne ya matse shi, ko wani ciwo ne da ya kasa faɗa. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne abin da majiyyacin ke iya yi wa kansa. Idan bayan gyara ya koma zuwa banɗaki da ƙafarsa ko yana cin abinci da hannunsa, an ci nasara. Idan kuwa gidan ya yi tsit ne don an kulle shi a ɗaki ko an ɗirka masa maganin barci, to masu jinya ne suka huta, shi kam ya ƙara rauni. Wasu magungunan kwantar da hankali ma suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga tsofaffi masu wannan cuta, don haka kada a ba da su sai da umarnin likita. Ruɗewar da ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ba ta gyaran ɗaki ba ce. Tana iya zama alamar ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma asibiti take buƙata nan take.

Mai jinya ma sai an duba shi. Mata ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in wannan hidima a duniya, kuma da yawa sukan fara jimami tun majiyyacin yana raye, ranar da uwa ko miji ya kasa gane su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta samar da shirin horo mai suna iSupport domin irin waɗannan masu jinya. Bayan rasuwa, baƙin ciki abu ne da aka sani, amma idan ya zarce wata shida da tsananinsa har ya hana mutum harkokinsa, ya kamata a ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda zai koma bakin aiki bayan doguwar jinya ko rashi ya fi samun sauƙi idan an fara masa da rabin yini da ayyuka marasa nauyi, aka kuma sa ranar da shi da shugabansa za su zauna su duba ko za a ƙara masa sa'o'i ko a bar shi a haka tukuna.