Lamba 45: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa kan dawowar Jordan a 1995

Duk lokacin da aka fara wasannin fitar da gwani na NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sai tambayoyin nan su dawo, kamar ban taɓa amsa su ba. To ga su a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Da gaske Michael Jordan ya taɓa barin ƙwallon kwando yana kan ganiyarsa?

Da gaske. Watan Oktoba 1993, bayan ya ci kofi uku a jere da Chicago Bulls, kuma watanni kaɗan bayan an kashe mahaifinsa. Ya koma wasan besbol a wata ƙaramar ƙungiya, Birmingham Barons.

Yaushe ya dawo?

Ranar 18 ga Maris 1995. Sanarwar tasa kalma biyu ce kacal ta na'urar faks, ma'anarta "na dawo". Washegari ya buga da Indiana Pacers, ya yi jifa 28, bakwai ne suka shiga, aka ci su.

To me ya sa mutane suka yi ta murna haka, tunda bai yi abin kirki ba?

Haba ɗan'uwa. Mutumin da aka cire rai da shi ya dawo, ka ce a tsaya lissafin jifa? Rabon da a kalli wasan kaka na NBA, wato wanda ba na fitar da gwani ba, a talabijin kamar wannan tun 1975. Kwana tara bayan haka ya je Madison Square Garden, gidan New York Knicks, ya zuba musu maki 55, nan masu ɗan shakku ma suka yi shiru. Bulls na da nasara 34 da rashin nasara 31 kafin ya zo, da shi kuwa suka ci 13 cikin 17. Magoya baya sun riga sun ɗora kofi a kan tebur tun ba a dafa ba.

Lamba 45 fa? Ba 23 ba ce tasa?

An riga an jingine 23 don girmama shi. 45 ita ya sa a besbol. Shi ke nan.

Wa ya fitar da Bulls daga wasannin fitar da gwani a shekarar?

Orlando Magic ta Shaquille O'Neal da Penny Hardaway, wasa huɗu da biyu, a zagaye na biyu. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne ƙarshen wasan farko: Bulls na gaba da maki ɗaya, ƙwallo na hannun Jordan, sai Nick Anderson ya lallaɓo ta baya ya doke ta, Horace Grant ya zura. Grant ɗin nan kuwa tsohon ɗan Bulls ne. Bayan wasa Anderson ya ce lamba 45 ba ta da zafin da 23 take da shi a da. A wasa na biyu Jordan ya fito da 23, ya ci maki 38, hukumar NBA ta ci tarar ƙungiyar. A wasa na shida, a gidan Chicago, Orlando ta ci maki 14 na ƙarshe a jere, 'yan wasanta suka ɗaga Grant a kafaɗa a gaban mutanen da suka saba yi masa tafi.

In ana musun wanda ya fi kowa a tarihi, in sa wannan shan kashin a lissafin Jordan ko in bar shi?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna. Tun a wancan lokacin magoya baya suka rabu biyu, kuma har yau a nan ake. Wasu suka ce ai tsatsa ce, kusan wata 21 bai buga wasan NBA ba, jikinsa ya koma na ɗan besbol, don haka a share shekarar. Wasu suka ce shekara 32 ba wasa ba ce, zamaninsa ya wuce, yara sun karɓe fage.

Ni dai ina ganin a sa shi a lissafi, amma da sharaɗi. Ya shiga fili da ƙafarsa, ba wanda ya tilasta shi, kuma da ya ci kofin da masoyansa sun lissafa. Ba a cin riba a ƙi hasara. Sai dai kuma kada ka ce ya gaza gaba ɗaya, domin maki 31 yake ci a kowane wasa idan aka daidaita a karawar da Orlando. Inda ya yi rauni shi ne ƙarshen wasa, gajiya da zubar da ƙwallo, wurin da a da ake tsoronsa. Sannan ƙungiyar kanta ba ta da mai tsare ƙarƙashin kwando tun tafiyar Grant, wannan kuwa ba laifin besbol ba ne. In abokin musunka ya ce Jordan bai taɓa faɗuwa a zagayen ƙarshe na ɗaukar kofi ba, gaskiya ya faɗa, shida cikin shida. In ya ce ba a taɓa fitar da shi ba daga 1991 zuwa 1998, ka tuna masa da Orlando, cikin ladabi.

Orlando ce ta ɗauki kofin ke nan?

A'a. Houston Rockets ta Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ta share Orlando huɗu da nema a zagayen ƙarshe. Wannan ya kamata a ce kun sani ba sai an faɗa muku ba.

Ni masoyin Bulls ne, abin har yanzu yana min ciwo.

Kwantar da hankalinka, malam. Kaka mai zuwa suka ɗauko Dennis Rodman, suka ci wasa 72 cikin 82, suka sake haɗuwa da Orlando a 1996, suka yi mata huɗu da nema, suka wuce suka ɗauki kofi.