Waiwaye: yadda likitoci suka fara sauraron ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a ciwon distoniya

Distoniya shi ne ciwon nan da tsoka ke murɗewa da kanta, wuya ya karkace gefe ɗaya ko yatsu su ƙage in mutum ya ɗauki biro, wani ma idonsa ne zai rufe ya ƙi buɗuwa. Wani likitan Jamus, Hermann Oppenheim, shi ya raɗa masa suna a 1911, amma abin takaici shekaru da yawa bayan haka likitoci na ce wa masu ciwon ai damuwa ce kawai, saboda in an duba ƙwaƙwalwar ba a ganin wani rauni. Sai a shekarun 1970 David Marsden a Landan ya dage cewa a'a, ciwon ƙwaƙwalwa ne na gaske, kuma a 1997 aka gano ƙwayar gado ta DYT1 da ke jawo irin wanda ke kama yara.

To amma ni inda ya fi ɗaukar min hankali shi ne aikin Mahlon DeLong a Amurka, wanda ya riƙa saka siririyar waya a ƙwaƙwalwar birai yana sauraron ƙwaya ɗaya-ɗaya a can cikin basal gangiliya, wurin da ke tace motsi. Daga nan aka gina tunanin cewa matsalar lissafin yawan saƙon da ƙwayoyin ke harbawa ce: a ciwon Fakinsan, mai jawo rawar jiki da nauyin motsi, ƙwayoyin gulobus falidus, wani sashe na basal gangiliyar, na harba saƙo da yawa sai su danne motsi, a distoniya kuwa sun rage sai motsi ya yi yawa.

Lissafin ya yi kyau a takarda, sai dai bai cika ba, don in aka ƙona gulobus falidus ɗin ko aka sa masa lantarki, dukkan ciwukan biyu suna samun sauƙi, alhali ya kamata ɗaya ya tsananta. Shi ya sa hankali ya koma kan salon harbawar, kamar ganga ce da ta ɓata kiɗa, a Fakinsan ƙwayoyin na kaɗawa tare sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa, a distoniya kuma a hankali, wajen 4 zuwa 12.

Dasa na'urar lantarki a ƙwaƙwalwa da Alim-Louis Benabid ya fara a Faransa a 1987 don rawar jiki, a 2003 Amurka ta amince da ita ga distoniya. Mai rawar jiki kan ga canji nan take, mai distoniya sai ya jira makonni ko watanni, kuma yanzu masu bincike na zargin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wato serebelam, da hannu a ciwon ita ma.