Sassabe da ƙona tarin ƙirare a gona: abin da doka ta ce

Daga watan Afrilu zuwa Mayu, gonakin Adar, a jihar Tahoua ta Nijar, ba su rabuwa da hayaƙi da maraice. Lokacin sharar gona ne. Manomi ya sassabe sabara da kalgo da geza da suka toho a rani, ya haɗa su da tushen karan bara da ƙayar magarya, ya tara tsibi-tsibi, ya ƙyasta ashana. Mafi yawanmu muna ganin tunda gona tawa ce, babu ruwan kowa da abin da na sare ko na ƙona a cikinta. Doka ba ta musun cewa gonar taka ce. Sai dai ta sa ido kan abin da ka sare da lokacin da ka sa wuta, kuma tana riƙe ka da alhakin duk inda wutar ta je.

Dokar da ta fi shafar wannan aiki ita ce dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1974. Abu na farko da ya kamata a gane a cikinta shi ne bambancin share gonar da ake nomawa da buɗe sabon fili a daji. Gonar da ka gada, kake shuka hatsi a cikinta kowace damina, ba ka neman takardar kowa kafin ka share ƙirarenta. Amma ka ɗauki gatari ka shiga daji ka yanki sabon wuri, wannan wani abu ne daban, yana buƙatar izinin hukuma. In dajin gandu ne da gwamnati ta keɓe, maganar buɗe gona ma ba ta taso ba. Haka burtali da makiyaya da mashaya: tun dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 waɗannan wurare na jama'a ne, wanda ya sassabe su ya shuka ya ci iyaka. Mutanen arewacin jihar Tahoua kuma suna da ƙarin wata doka a kansu, ta 1961, wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo.

Ko a cikin gonarka ba kowane icce ake sa wa gatari ba. Akwai itatuwan da aka kare, irin su gawo, kuka, tsamiya, aduwa, giginya da goriba, waɗanda ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa tara ba tare da sun sare komai ba. Mutum ya tara ƙaya a gindin gawo don nan ne fili, ya sa wuta, ɓawon iccen ya ƙone, baɗi ya bushe a tsaye. A wajen ma'aikacin daji, kashe icce da wuta da kashe shi da gatari duk lahani ne ga iccen da aka kare, kuma ba a rasa masu yin haka da gangan don su ce iccen da kansa ya mutu. Shi ya sa ba a cika sauraron uzurin ba.

Tsoron tara ne ya sa shekaru da dama manoma suke share gona ƙal, ba su barin ko ɗan tsiro, don kada ya girma ya zama iccen gwamnati a gonarsu. Abin ya fara sauyawa daga Maraɗi a shekarun 1980, da aikin da aka sani da sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ke kan kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tsara wannan aiki, ya kuma amince cewa manomin da ya reni icce a gonarsa shi ne mai cin moriyarsa. Wannan ya shafi tarin ƙirare kai tsaye, domin mai sassaben zamani tarinsa ba ya yawa, kuma sabarar da ya bari bana, nan da ƴan shekaru ita ce itacen girkin gidansa.

Sai maganar wuta, wadda ita ce mai nauyi. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta ce ba a ƙona gonaki da saura sai gab da damina. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san rani a ƙasar nan. Bayan girbi, idan hukuma ta sa ranar sakin gonaki, kara da harawa da ciyawar da suka rage su ne abincin dabbobi har ruwa ya sauka. Wanda ya sa wa gonarsa wuta a Nuwamba ko Disamba ya ƙona abincin shanun wani, kuma ya yi haka a lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu na kaɗawa daga gabas. A yankunan Abalak, Cintabaraden, Tillia da Tassara, inda ciyawa ke shimfiɗe babu gona babu hanya da za ta tare, gobarar daji kan cinye makiyaya mai faɗi cikin yini guda. Don haka ne kowace shekara bayan damina ake ɗaukar mutane aikin share dogayen layukan tare wuta.

Ko lokacin ya yi, doka ta hana a bar wuta ba a kashe ba a tafi. Wannan ƙa'ida gajeriya ce amma ita aka fi karyawa. An sa wuta bayan la'asar, harshenta ya kwanta, aka ga toka fari, aka tafi sallar magariba. Alhali kututturen da ke ƙasan tarin yana ci a hankali, cikin dare iska ta taso ta ɗauki garwashi ta kai darnin maƙwabci ko rumbunsa. Abin da masu hankali ke yi ba shi da wuya: tari ƙanana maimakon babba ɗaya, a kankare ƙasa kewaye da kowane tari har yashi ya fito, nesa da itatuwa da iyakar gona, a sa wutar da sanyin safiya ko bayan iska ta kwanta, a tsaya da shebur, a binne garwashin da ƙasa kafin a juya baya. Kuma ba yara ake bar wa wannan aiki ba, ko da kuwa su suka yi tarin.

In wuta ta ƙwace, a sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji nan take, jama'a su fito a kashe. Wanda ya tada ta yana fuskantar tara, abin na iya kaiwa ga kaso, ban da biyan ɓarnar da ta yi. Rigimar ɓarna tsakanin manomi da manomi ko manomi da makiyayi tana fara zuwa gaban sarakunan gargajiya ne don sulhu, a rubuta abin da aka cim ma, in an kasa sannan a je gaban alƙali. Kwamitin filaye na gari, wanda aka fi sani da Cofo, shi ya san iyakar gona da burtali, kuma gara a tambaye shi kafin sassabe.

A ganina, yawancin tarin da muke ƙonawa bai cancanci wuta ba. Toka tana bar wa ƙasa ɗan amfani, amma mafi yawan abin da ganye da kara za su ba ta yana tafiya cikin hayaƙi. Manoman Keita da Illela da suka yi aikin tassa da rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama a gona, sun san abin da reshe ke yi a kan faƙo: ka shimfiɗa rassan sabara a wurin da ya daskare, iska ta tara yashi a ƙarƙashinsu, gara ta shigo ta huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar shiga. Ƙayar magarya shinge ce ga ƴan itatuwan da ake reno. Inda na yarda da wuta shi ne karan hatsin da tsutsa ta huda, domin a cikinsa take kwana har damina ta dawo.

Masu kauri kuwa na murhu ne, kuma babu mai hana ka kai su gida. In sayarwa za a yi, a loda amalanke ko mota zuwa Tahoua ko Yamai, to nan dokar cinikin itace ta 1992 ta shigo: ana biyan haraji, a karɓi takardar jigila, ita ce ma'aikatan daji ke tambaya a shingen shiga gari.