Waiwaye: Yadda unguwannin bayan gari a Sakkwato suka yi nisa da akwatin zaɓe

Kwanan nan duk majalisar da ka zauna, ko ka leƙa Facebook, maganar ɗaya ce, wai mutanen sabbin unguwanni irin su Arkilla da Bado da Dambuwa ba su fita zaɓe, wai 'yan boko ne da ma'aikata, sai surutu a waya amma ran zaɓe kowa ya rufe get ɗinsa ya kwanta. Wasu har jam'iyya suke liƙa mana. Ni a bayan garin nan nake zaune, kuma abin yana damuna ƙwarai, don ana maganar kamar jiya aka wayi gari mutane suka daina zaɓe, alhali abin ya daɗe yana ginuwa.

Tarihin farko kowa ya san shi. Jamhuriya ta ɗaya nan yankin jam'iyyar NPC ne, ta biyu NPN, har ɗan ƙasar nan Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa a 1979. Da aka dawo farar hula a 1999 jiha ta tafi APP, a 2007 ta koma PDP, a 2015 APC, a 2018 gwamnati ta sake komawa PDP, 2023 kuma APC ta karɓa. Kenan Basakkwace ba wanda bai san siyasa ba ne.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1996. Mu dai mun fi tuna ta da cire Zamfara daga Sakkwato, amma a shekarar ne aka tsara rumfunan zaɓe na ƙasa baki ɗaya, kusan 120,000, lokacin masu rajista ba su wuce wajen miliyan 50 ba. Wannan tsarin shi aka yi ta amfani da shi har shekara 25. To ka tuna yadda garin nan yake a 1996, yawancin inda muke zaune yanzu gonakin gero ne da fili, rumfa kuwa inda mutane suke ake sa ta, shi ya sa suka taru a cikin gari, mazaɓun Waziri da Magajin Gari da Sarkin Musulmi da Rijiya, a firamare ko ƙofar gidan mai unguwa. Daga baya gidajen gado suka cika, saurayi ya yi aure babu ɗaki, ma'aikaci ya haɗa ɗan abin da ya samu ya sayi fuloti, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyuka, gari ya yi ta miƙewa har ya shige ƙasar wasu ƙananan hukumomi. Arkilla da Bado na Wamakko ne, Dambuwa na Dange Shuni. Mutum ya kwashe kayansa da iyalinsa ya koma can amma katinsa yana nan a Sakkwato ta Arewa ko ta Kudu inda aka yanke masa cibiya.

A 2014 an yi yunƙurin ƙara rumfuna kusan 30,000, gardama ta tashi kan yadda aka raba su tsakanin shiyyoyin ƙasa, aka jingine maganar. Sai a 2021 adadin ya tashi daga 119,974 zuwa 176,846. Amma kawo rumfa kusa da kai ba ya ɗauko sunanka, sai ka je da kanka ka nemi transfa, wato a mayar da sunanka sabuwar rumfa, lokacin da rajista take buɗe, kuma da yawa ba mu yi ba. A zaɓen 2023 akwai rumfuna 240 a faɗin ƙasa da ba a yi zaɓe a cikinsu ba don babu ko mutum ɗaya da ya yi rajista a can.

Ran 25 ga Fabrairun 2023 na ga abin da idona. An hana zirga-zirgar ababen hawa kamar yadda aka saba, ga tsabar kuɗi ta yi wuya saboda canjin Naira, ba kabu-kabu ba Keke. Maƙwabcina dattijo ya fito da katinsa a aljihun gaba, ya tsaya bakin titi ya kusa awa ɗaya, na ce Baba ba ka tafi ba? Ya ce "ɗana, ina zan iya taka wagga tahiya da ƙahwa, rumfata tana can bayan gidanmu na gado." Ya koma ciki. Matan layinmu kuwa masu goyo da ƙananan yara ko tunanin fita ba su yi ba. Duk waɗannan a lissafi an sa su cikin waɗanda ba su damu ba, cikin faɗuwar yawan masu fita zaɓe da aka gani a ƙasa daga kashi 69 cikin ɗari a 2003 zuwa wajen kashi 27 a 2023. Ban ce babu masu fushi ko waɗanda suka yanke ƙauna ba, akwai su, amma ba su kenan ba.

Batun wace jam'iyya bayan gari yake so ma nan ya samo asali. Layi ɗaya za ka samu ɗan cikin gari da Bazamfare da ɗan Kabi da wanda ya taso daga Isa ko Sabon Birni, kowa da ra'ayin da ya ɗauko daga gida, kuma wanda ya samu ya jefa ƙuri'a a can tsohuwar mazaɓarsa ake ƙirga ta. Sakamakon da ake mannawa a rumfar unguwarmu na 'yan kaɗan ne, ba zai gaya maka ra'ayin unguwa ba. A jihar da aka raba gardamar kujerar gwamna da ƙuri'a 342 a 2019, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni kaina katina yana cikin gari har yau. Da na ce wa mahaifiyata zan mayar da shi inda nake zaune, cewa ta yi ai zaɓe da salla su ne ke kawo mu gida gaba ɗaya, kuma na fahimce ta. Amma magudanar ruwan da ke cika mana gida duk damina a nan unguwarmu take, kansilan da zan kai wa kukan ta kuwa ba ni cikin masu zaɓensa.