Fiyano ba kayan lantarki ba ne tun asali

Mutane da yawa sun ɗauka fiyano na'urar lantarki ce, don haka idan suka ji kiɗansa shi kaɗai yana kwaikwayon yayyafi ko gudun rafi, sai su ce kwamfuta ce ta haɗa. Ba abin mamaki ba ne, tunda wanda muka saba gani a sutudiyo sai an jona shi da wuta.

Fiyano na asali kuwa a Italiya aka ƙirƙiro shi wajen shekarar 1700, tun babu wutar lantarki a gidaje. Irinsa na yau akwati ne na katako mai maɓallai 88 da tsirkiyar ƙarfe sama da 200. Ka danna maɓalli, wata 'yar guduma mai laushin kai ta bugi tsirkiya. Makaɗi kan yi yayyafi da maɓallan hannun dama masu siririyar murya, ya ɗauko rugugin hadari daga na hagu. Idan ya taka abin takawa na dama, sautukan su ci gaba da amo, su gauraya kamar ruwa.

Mai son tabbatarwa ya nemi bidiyon cikin fiyano a buɗe, zai ga gudumomin suna tsalle. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.