Canza fulogi da kwayil a motar da ta sha tafiya: tambayoyi da amsoshi

Mene ne alaƙar kwayil da fulogi?

Batirin mota volt 12 ne kawai yake bayarwa, kwayil ne ke ɗaga wannan wuta zuwa volt dubu 20 ko fiye, domin fulogi ya yi tartsatsin da zai kunna cakuɗen fetur da iska a cikin silinda. Yayin da bakin fulogi ke cinyewa, tazarar da tartsatsin zai tsallake tana ƙara faɗi, sai kwayil ya riƙa wahala fiye da ƙima har ya ƙone. Shi ya sa wanda ya sa sabon kwayil a kan tsohon fulogi yakan koma wurin bakanike ba da jimawa ba.

Yaya ake gane sun gaji?

Inji yakan yi rawa idan mota na tsaye, ya yi sanyin jiki a hawa, ya ƙara shan mai. Idan fitilar gargaɗin inji tana ƙyaftawa, kada a ci gaba da tuƙi, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa salansa ya lalata matatar hayaƙi, wadda ta fi kwayil tsada nesa ba kusa ba.

Dole ne a canza su duka lokaci guda?

Fulogai dai a canza su duka, tun da tare suka tsufa. Na jan ƙarfe yakan kai kilomita 30,000 zuwa 50,000, na iridiyam kuwa yakan haura 100,000, amma littafin motar ne abin bi. Kwayil kuma, a ganina, ba a yanke masa hukunci sai an gwada. A motar da kowace silinda ke da nata kwayil, idan kwamfutar bincike ta nuna lambar P0302, wato silinda ta biyu ce ba ta kamawa, sai a musanya kwayil ɗinta da na silinda ta uku. Idan lambar ta koma P0303, laifin kwayil ne, idan kuwa ba ta motsa ba, a duba fulogi, injekta (mai fesa fetur) ko matsin silindar. Sai dai a wasu injina masu silinda shida, inda layin baya ke ɓoye ƙarƙashin bututun iska, gara a canza na bayan gaba ɗaya, don kada a biya kuɗin kwancewa sau biyu.

Me ya kamata a kiyaye wajen aikin?

A bari inji ya huce sarai, musamman idan kansa na alminiyam ne, a hure ƙurar ramin kafin a ciro fulogi, sannan a fara ɗaura sabo da hannu kafin a sa sifana. Idan aka tarar da baƙin mai a ramin, gaskit ɗin murfin inji ne ke yoyo, kuma sai an gyara shi, in ba haka ba man zai cinye robar sabon kwayil ɗin.