Waiwaye: Shekara casa'in ana gardamar wa ya cancanci shiga wasannin mata

A farkon watan Agustan 2024, wata rana bayan sallar isha'i, ina zaune a teburin wani mai shayi kusa da Ƙofar Mata, sai wani matashi ya miƙo mini wayarsa. "Malam, duba ka gani, ƙato suka saka ya daki 'yar mutane." Hoton damben zamani ne daga gasar Olamfik ta birnin Faris. 'Yar Italiya, Angela Carini, ta ɗaga hannu ta ce ta haƙura bayan daƙiƙa 46 kacal da fara karawarta da Imane Khelif ta Aljeriya. Kafin mai shayin ya gama sheƙa shayina daga wannan kofi zuwa wancan, bencin nan kaf ya yanke hukunci cewa namiji ne ya rikiɗa ya koma mace don ya ci zinare. Wani dattijo da ke gefe, rediyonsa a cinya, shi kaɗai ya ce, "Ku bi a hankali dai, yara. Aljeriya ƙasar Musulmi ce, ba a wannan aikin a can."

Dattijon ya fi su kusa da gaskiya. Khelif ba ta taɓa sauya jinsi ba. A matsayin mace aka yi mata rajistar haihuwa, a haka ta girma, a haka ta yi ta dambe, ta ci wasu, wasu suka ci ta. Abin da ya faru shi ne wata hukumar dambe ta duniya ta kore ta daga gasa a Indiya a 2023, ta ce ta faɗi wani gwajin jinsi, kwamitin Olamfik kuma ya ƙi yarda da gwajin, ya bar ta ta yi wasa har ta ɗauki zinare. Tun daga daren nan nake lura da yadda muke cakuɗa abu biyu a Kano duk lokacin da zancen ya taso. Akwai wanda aka haifa namiji cikakke, ya balaga a namiji, daga baya ya sha magani ko aka yi masa tiyata ya ce shi mace ne. Akwai kuma wadda Allah ya halitta da wani bambanci a cikin jikinta, wanda sau da yawa ita kanta ba ta san da shi ba, abin da muke kira mata-maza. Tarihin wannan rigima ya fi shafar rukuni na biyu nesa ba kusa ba, ko da yake na farkon ne ya fi cika kafafen labarai.

Zargin ya girmi kakannin wasunmu. A Olamfik ta 1936 a Balin, Ba'amurkiya Helen Stephens ta tsere wa Stella Walsh ta Folan a gudun mita 100, sai aka ce ai namiji ce, har sai da aka duba ta aka wanke ta. Shekara 44 bayan haka, a 1980, 'yan fashi suka harbe Walsh a Amurka, binciken gawa kuma ya nuna ita ce ke da halittar mata-maza. Ta rayu a mace, ta mutu a mace, sai bayan ranta aka baza sirrinta a jaridu.

A 1966 aka fara gwaji gadan-gadan. A gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Turai da aka yi a Hangari, an sa mata 'yan wasa sun tuɓe a gaban likitoci ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka san darajar sutura ba sai an yi mana dogon bayanin irin wannan tozarci ba. Da kuka ya yi yawa, sai aka koma gwajin ƙwayoyin halitta, a goga ɗan tsinke a cikin kumatu a kai ɗakin bincike. Wadda ta fara faɗawa tarkon ita ce Ewa Kłobukowska, gwanar gudu daga Folan, a 1967. Aka kore ta, aka soke bajintar da ta kafa. Shekara na zagayowa ta haifi ɗa namiji. Haka aka yi wa María José Martínez-Patiño ta Sifaniya a 1985. Jikinta na ɗauke da ƙwayar halitta irin ta maza, amma tsokarta ba ta jin sinadarin mazakuta ko kaɗan, saboda haka bai ƙara mata ƙarfin komai ba. Labarin ya fita, aka janye tallafin karatunta, aka fitar da ita daga masaukin 'yan wasa, wanda zai aure ta ya fasa. Sai 1988 aka mayar mata da haƙƙinta, lokacin ganiyarta ta riga ta wuce. A Olamfik ta 1996 a Atlanta, inda Chioma Ajunwa ta ci wa Najeriya zinare da tsallen mita 7.12, an gwada mata 3,387, takwas suka nuna ƙwayar maza, kuma bayan ƙarin bincike duk takwas ɗin aka bar su suka yi wasa. Kwamitin Olamfik ya watsar da gwajin kowa-da-kowa a 1999.

Su kuwa masu sauya jinsi, shigowarsu ta zo ne ta wata ƙofa dabam. Wadda aka fi tunawa ita ce Renée Richards, likitan ido a Amurka, wadda aka haifa namiji, aka yi mata tiyata a 1975, kotun Niyu Yok ta ba ta izinin buga tanis a rukunin mata a 1977, tana dab da cika shekara 43. Daga nan aka ɗan yi shiru. A 2004 kwamitin Olamfik ya ce za su iya shiga idan an yi tiyata, hukuma ta amince da sabon jinsin, kuma an shekara biyu ana shan magani. A 2015 aka cire sharaɗin tiyata, aka ce ya isa a sauke sinadarin mazakuta, wato testosteron, ƙasa da awo 10 har tsawon wata 12. A nan ne gardamar ta koma hannun masana jiki, domin tambayar ta zama ɗaya: idan ka sauke sinadarin, abin da balaga ta riga ta gina yana rushewa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin wasan makarantar firamare ya san amsar rabin tambayar. A aji uku ko huɗu, yarinya kan tsere wa yara maza ba wanda zai yi mamaki. Ku dawo bayan shekara shida ku sake jera su. Muryar yaron ta buɗe, kafaɗarsa ta faɗaɗa, ƙashinsa ya yi tsawo ya yi kauri, zuciyarsa da huhunsa sun fi girma, jininsa ya fi ɗaukar iska, kitsen jikinsa ya ragu tsoka ta maye gurbinsa. Yarinyar kuwa ƙugunta ne ya buɗe, jikinta na shirin ɗaukar ciki. Testosteron ɗin namiji baligi yakan ninka na mace sau goma sha biyar ko fiye. Agogo ma ya shaida. Usain Bolt ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.58, macen da ta fi kowace mace sauri a tarihi, Florence Griffith-Joyner, ta yi a 10.49. A mita 800 David Rudisha na Kenya ya yi minti 1 da daƙiƙa 40.91, na mata kuwa yana nan a minti 1 da daƙiƙa 53.28 tun 1983. A dogon tsalle, maza mita 8.95, mata 7.52. Tazarar gudu takan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, ta tsalle ta fi haka, ta ɗaga nauyi da naushi kuma ta fi duka. Shi ya sa dalmar da maza ke jifa take kilo 7.26 ta mata kilo 4, ragar ƙwallon raga ta maza mita 2.43 ta mata 2.24. Kashi goma kamar ba yawa a baki, amma a filin tsere shi ne tazarar da ke tsakanin gwarzon duniya da ɗalibin sakandare mai ƙafa. Da ba a ware wa mata rukuninsu ba, da duniya ba ta san sunan Tobi Amusan ba, duk da tarihin da ta kafa a 2022 na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge.

Ɗaya rabin tambayar shi ne abin da magani ke yi. Binciken da aka tattara ya nuna ƙarfin jini na ɗaukar iska yana sauka zuwa irin na mata cikin kamar wata huɗu. Tsoka kuwa ba ta saurin tafiya, abin da ke raguwa a shekarar farko bai wuce kamar kashi biyar cikin ɗari ba. Tsawo da faɗin ƙashi ba sa komawa ko an shekara nawa. Wani nazari da aka yi a kan sojojin saman Amurka ya gano cewa bayan shekara biyu da fara shan magani, waɗanda suka sauya daga maza har yanzu sun fi mata abokan aikinsu saurin gudu da kusan kashi 12. Masu goyon bayan shigar su suna cewa yawancin nazarin ba a kan manyan 'yan wasa aka yi shi ba, kuma adadinsu bai taka kara ya karya ba: shugaban hukumar wasannin jami'o'in Amurka ya gaya wa majalisar dattawa a ƙarshen 2024 cewa bai san da ko goma ba a cikin 'yan wasa 510,000. Na ji wannan hujja, amma ban gamsu ba. Gurbin zinare ɗaya ne, kuma a dambe ko kokawa ba lamba kaɗai ake rasawa ba, har lafiya.

Abubuwa biyu suka juya akalar hukumomi. Laurel Hubbard ta Niyu Zilan, wadda aka haifa namiji, ta shiga ɗaga nauyi na mata a Olamfik ta Tokiyo a 2021, ko da yake ta kasa ɗaga ko ɗaya a yunƙuri uku. Sannan a Maris 2022 Lia Thomas, wadda ta yi shekaru tana ninƙaya a ƙungiyar maza ta jami'arta, ta lashe gasar mata ta jami'o'in Amurka. Cikin watanni hukumar ninƙaya ta duniya ta rufe ƙofa ga duk wanda ya balaga a namiji, ta guje-guje da tsalle-tsalle da ta tseren keke suka bi sahu a 2023. A Fabrairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a umarnin hana su wasannin mata a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ma ta hana daga Yunin shekarar.

A wannan ɓangaren ina tare da hukumomin, kuma ba na jin akwai mai musu a Kano, inda addini da al'ada da doka duk ba su buɗe hanyar sauya jinsi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waɗanda tsintsiyar ta fi sharewa 'yan Afirka ne da ba su sauya komai ba. Caster Semenya ta Afirka ta Kudu tana 'yar shekara 18 ta ci mita 800 a Balin a 2009, duniya ta shiga tattauna al'aurarta a rediyo da talabijin. Dokar da hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta kafa a 2018 ta ce ko ta sha maganin rage sinadarin da jikinta ke yi da kansa, ko ta bar tseren. Ta ƙi, ta yi ta shari'a daga kotun wasanni ta Suwizalan har kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai. Dokar nan ta taɓa Francine Niyonsaba ta Burundi, da Margaret Wambui ta Kenya, da Christine Mboma ta Namibiya, da maƙwabciyarmu Aminatou Seyni ta Nijar, wadda ta bar mita 400 ta koma 200 har ta zo ta huɗu a duniya a 2022. Barbra Banda, kyaftin ɗin Zambiya, ba ta buga gasar ƙwallon ƙafa ta matan Afirka ta 2022 a Maroko ba saboda irin wannan batu. Mu ma ba mu tsira daga nuna yatsa ba: a 2010 Najeriya ta kai ƙarar Ikwatoriyal Gini cewa akwai maza a cikin 'yan wasanta, kuma tauraruwarsu Genoveva Añonma ta ba da labari daga baya cewa an taɓa sa ta tuɓe don ta tabbatar ita mace ce. Gaskiya ne wasu daga cikin waɗannan halittu suna ba da ƙarfi irin na maza, kuma matan da ke tsere da su suna da haƙƙin a saurare su. Amma wannan jarrabawa ce daga Allah, ba maguɗi ba.

Malamanmu sun daɗe da sanin haka. Duk wanda ya yi zaman zaure a cikin birni ya ji babin huntha, wato mata-maza, ya ji yadda malaman Malikiyya suka yi wa wanda al'amarinsa ya rikitar rabon gado, rabin kason namiji da rabin kason mace. Muhtasar na Shehu Halilu ma da wannan mas'ala ya rufe. Sun zauna sun yi wa mutumin nan lissafin haƙƙinsa cikin natsuwa, ba su haɗa shi da mai kwaikwayon mata da gangan ba.

Na taɓa halartar wasannin ƙarshen zango a wata makarantar 'yan mata a nan cikin gari. Wata doguwar yarinya, siririya, sanye da dogon wando da ƙaramin hijabi da ta cusa cikin riga, ta ba sauran tazara mai yawa a mita 400. Tana haki tana dafe da gwiwa, sai wata murya daga cikin iyaye ta ce, "Anya wannan ba namiji ba ce?" Aka kwashe da dariya. Na ga lokacin da ta ji. Ta ja hijabinta ta rufe baki, ta wuce bayan rumfa, sai da malamarsu ta bi ta tana cewa, "Zo nan 'yata, rabu da su, zo ki karɓi kyautarki." Da ƙyar ta fito. Iyaye a Kano ba su cika barin 'ya mace ta yi gudu a bainar jama'a ba, kuma kalma ɗaya irin wannan ta isa uba ya ce an gama.

Daga 1 ga Satumban 2025 hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta dawo da gwajin tsinken kumatu, sau ɗaya a rayuwar 'yar wasa, ga duk mai son shiga manyan gasanni a rukunin mata. Ƙwayar da ake nema ita ce dai wadda aka nema a Atlanta. Hukumomin ƙasashe ne ke gudanar da shi, ma'ana wata rana sakamakon wata yarinya daga Fagge ko Gwale zai iso ofis a cikin ambulan, wani ma'aikaci ya buɗe, ya san abin da ita da mahaifiyarta ba su sani ba. Matan nan takwas na 1996 har yau ba a bayyana sunayensu ba. Martínez-Patiño ta Sifaniya kuwa a jarida 'yan garinsu suka karanta nata.